Yadda Ake Zuwa Wanka A Ruwan Zafi Na Bagby, Cikin Dajin Tsaunukan Oregon

Duk wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san yadda ake yi da Wikki. Mutum ya ajiye rigarsa a bakin ruwa ya faɗa ciki, shi ke nan, domin ɗumin ruwan bai wuce digiri 31 ba, rani da damina. Bagby ba haka take ba. Ruwanta yana ɓuɓɓugowa daga cikin dutse da zafin digiri 59, kuma wanda ya tsoma ƙafa a ciki kai tsaye fatarsa za ta sale kafin ya ƙirga goma. A can ba a faɗawa ruwa. Kai za ka wanke mazubinka, ka tara ruwan, ka surka shi da hannunka, sa'annan ka shiga. Wanda bai san da wannan ba tun daga gida, yakan sha doguwar tafiya ya komo yana cewa bai ga abin da ake zuzutawa ba.

Tun da zama ya kawo ni birnin Portland na jihar Oregon na je wurin sau da dama, kuma 'yan'uwa da ke nan Amurka, da masu zuwa ziyara daga gida, suna yawan tambayata yadda ake zuwa. Ga shi nan dalla-dalla, tun daga zaɓen rana har dawowa.

Fara sanin wurin da irin ruwansa

Bagby tana jihar Oregon, a arewa maso yammacin Amurka, cikin gandun dajin gwamnati na Dutsen Hood, a jerin tsaunukan Cascade. Tsakaninta da Portland kilomita 108 ne ta kudu maso gabas, kuma tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 700. Mutanen asali na wannan ƙasa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa wurin kafin wani maharbi mai neman ma'adinai, Bob Bagby, ya iso shi a 1880, sunansa ya bi wurin. Idanun ruwan manya guda uku ne. Babbar tana fitar da lita 91 a minti ɗaya da zafin digiri 59, ta biyu lita 57 da digiri 58, ƙaramar kuma lita 11 da digiri 49.

Asalin ruwan sama ne da narkakkiyar dusar ƙanƙara. Yana tsiyaya ta tsagogin dutse ya yi ƙasa can da nisa, zafin cikin ƙasa ya gasa shi, ya narko ma'adinan duwatsun da ya ratsa, sa'annan ya sake samun tsaga ya taso. Abin da ya bambanta shi da ruwan tukunya shi ne kanwa-kanwar da ke cikinsa. A ma'aunin da masana ke auna tsami da kanwa da shi, wanda suke kira pH, tsabtataccen ruwa yana kan 7, lemun tsami yana can ƙasa, na Bagby kuwa ya haura 9.

Shekarar da kawuna ya zo mana ziyara daga Katsina na kai shi. Ya tsuguna ya ɗebi wanda muka surka a tafin hannu, ya murza shi tsakanin yatsu, ya sake murzawa, sai ya ɗago ya ce, "Kai yaro, ai wannan ruwan toka ne." Bayanin da ya fi wannan babu. Duk wanda ya taɓa ganin an tace toka za a dafa sabulun salo, ko ya taɓa jiƙa kanwa, ya san santsin nan da ke kama yatsu. Kanwar ruwan tana haɗuwa da maiƙon fata, sai jiki ya yi sulɓi kamar an shafa sabulu alhali ba a shafa komai ba. Wannan santsin ne mutane ke bi.

Zaɓi rana, kuma kada ka yi wasa da wannan matakin

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga watan Yuni zuwa farkon Oktoba. Da sanyi ba a share dusar ƙanƙara daga hanyoyin cikin dajin, kuma kusan kowace shekara sai an ji labarin waɗanda motarsu ta kafe a can. Hoton tururi yana tashi a tsakiyar farin daji yana da ɗaukar ido, na sani, amma baƙon da bai saba tuƙi a kan ƙanƙara ba ya haƙura da shi. Ni kaina ƙarshen Satumba na fi so: iska ta yi sanyin da zai sa ruwan zafi ya yi daɗi, hanya kuma a bushe take.

A cikin mako, nemi Talata, Laraba ko Alhamis, ka kuma yi sammako. Ranakun Asabar da Lahadi mutum yana iya yin awa ɗaya ko biyu yana jiran layi. Da sanyin safiya ake kama fara: in ka bar Portland bayan sallar Asuba, za ka isa lokacin da wurin bai cika ba, kuma masu zuwa da safe galibi dattawa ne da masu iyali. Da dare kuwa ban ba kowa shawarar zuwa ba.

Kwana ɗaya kafin tafiya, shiga shafin hukumar gandun daji ta Amurka na dajin Dutsen Hood ka duba ko wurin da hanyoyinsa a buɗe suke. Wannan ba tsoro ba ne. A Satumban 2020 gobarar da aka kira Riverside ta cinye kusan eka 138,000 a wannan yanki, babbar hanyar ta daɗe a rufe, ita kanta Bagby sai a 2024 aka sake buɗe ta. Ƙarshen rani lokacin gobarar daji ne, kuma ana iya rufe hanya cikin dare ɗaya.

Sai abu na ƙarshe a wannan mataki: faɗa wa wani na gida inda za ka, da ƙarfe nawa za ka dawo, da abin da zai yi in bai ji daga gare ka ba. In an wuce garin Estacada kaɗan waya takan daina aiki, ko lambar neman agaji ba za ka samu ba. Kada kuma ka tafi kai kaɗai.

Haɗa kaya

Komai a bayanka za ka goya, don haka jakar goyo ɗaya ta isa. Ka sa tawul babba, da kayan shiga ruwa, da leda mai kauri ta zuba jiƙaƙƙun kaya, da silifas na tsayawa a kan katako mai laima. Takalmin tafiya ya zama rufaffe mai kama ƙasa. Ka ɗauki rigar ruwa ko da ka ga gari garau, domin hadarin tsaunukan nan ba ya sallama, da rigar sanyi ta sawa bayan wanka. Ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowane mutum, a gorar roba ko ta ƙarfe, ban da kwalba, saboda mutane suna yawo ba takalmi a wurin. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko kilishi in an samu, da shayi a filas. Tocila mai sabon batir, ba ta waya ba. Ƙaramin buroshi na wanke baho. Kuɗi a hannu, ƙananan takardu, domin dala 5 aka saba karɓa a kan kowane mai wanka.

Buta kada ta bar ka. Akwai bayan gida irin na rami a wurin ajiye motoci da kuma can kusa da ruwan, amma babu ruwan tsarki a ciki. Ka ware gora guda ta tsarki da alwala, dabam da ta sha. Dalilin wannan yana nan tafe, kuma yana da nauyi. Ka haɗa da 'yar darduma mara nauyi.

Abin da za a bari a gida: sabulu da man wanke gashi, domin an hana amfani da su a wurin, ruwan da aka zubar rafi yake komawa. Zoben azurfa ma a cire shi, ƙibiritun da ke cikin irin wannan ruwa yana baƙanta azurfa.

Hanyar mota

Tuƙin yana cin kusan awa biyu daga Portland. Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gida, ka kuma rubuta lambobin hanyoyin a takarda, domin na'urar nuna hanya takan ruɗe a cikin dajin ta jefa mutum hanyar masu saran itace.

Ka kama hanya mai lamba 224 zuwa Estacada. A nan za ka cika tanki, ka duba iskar tayoyi da ta safaya, ka sayi abin da ka manta, ka aika saƙon ƙarshe. Bayan nan kada ka sa ran gidan mai. Daga Estacada zuwa filin ajiye motoci na Bagby kilomita 64 ne. Ka ci gaba da bin 224 tana bin gaɓar kogin Clackamas har kimanin kilomita 42, zuwa wani wuri da ake kira Ripplebrook, inda hanyar ke komawa hanyar daji mai lamba 46. Bayan kusan kilomita 6 ka karya dama ka hau mai lamba 63, wadda ke bin kogin Collawash. Wasu kilomita 6 ɗin ka sake karyawa dama ka hau mai lamba 70. Kilomita 10 a kanta za ka ga filin ajiye motoci. Wato 224, 46, 63, 70. Haddace su kamar lambar waya.

A kashin farko na hanyar za ka ratsa inda gobarar ta ci. Tsaunuka ne cike da baƙaƙen kututture a tsaye, sabon tsiro yana fitowa a ƙarƙashinsu. Ranar da na fara ganinsu bayan an buɗe hanya, shiru muka yi a motar har muka wuce. Banda ɓacin rai, akwai haɗari a wurin: ƙasar da ba saiwa ba ta riƙe dutse, ƙonannen itace kuma yakan faɗi ba iska ba komai. Kada ka tsaya ɗaukar hoto a gindin gangare. Hanyoyin ciki ƙanana ne masu kwana da yawa da ramuka, sai a hankali, fitila a kunne ko da rana.

In ka isa, kada ka bar komai a fili cikin mota, ko da jakar da ba komai a cikinta. An san wurin da fasa gilashin motoci. Fasfo, kuɗi da waya su bi ka. Ka biya kuɗin wanka a nan, ka riƙe shaidar da aka ba ka.

Tafiyar ƙafa

Daga mota zuwa ruwa kilomita 2.4 ne, hawan kuma kaɗan ne, bai fi mita 60 ba gaba ɗaya. Mai ƙarfi zai yi shi cikin minti 35, da dattijo ko yara a ba shi awa guda. Turbar a fili take, ba ta da rassan da za su ɓatar da mutum. Tana farawa da gadar katako, ta bi gefen rafi, can gaba ta sake tsallaka wata gadar, daga nan sai ɗan hawa na ƙarshe.

Kada ka yi sauri a nan. Mu da muka tashi a ƙasar da kuka ce babbar bishiya, wannan daji wani abu ne dabam. Itatuwan fir da sida ne da suka shekara ɗaruruwa, miƙaƙƙu sambal kamar an ja su da zare, sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi ba ka ga ƙarshensu ba. Gansakuka ta lulluɓe komai, dutse da reshe da kututturen da ya faɗi, har ƙananan itatuwa suna tsirowa a jere a bayan wanda ya mutu. Ruwan rafin kore ne shar, kana hango tsakuwar ƙasansa. Kawu ya tsaya a gindin wata bishiya ya dafa ta da hannu biyu, ya daɗe yana tasbihi, ni kuma ban katse shi ba.

Mutanen nan suna yawo da karnuka a daji, yawanci a ɗaure da igiya. In kun haɗu a turba, ka koma gefe ka ba su hanya, in kuma ba ka son kare ya shinshine ka, ka faɗa wa mai shi cikin ladabi, za su ja shi. Gaisuwa a turba al'ada ce, a amsa. Katakon gada in ya jiƙe yana da santsi, a riƙe hannun yaro.

Warin ƙibiritu kaɗan da tururi tsakanin itatuwa su za su gaya maka ka iso. Za ka ga wata tsohuwar bukkar gungume da wani ma'aikacin gandun daji, Phil Putz, ya gina a 1913, tana nan har yau cikin gine-ginen tarihi da gwamnati ke karewa.

Haɗa wankan

Nan ne zuciyar tafiyar. Kafin ka taɓa komai, ajiye jaka ka zaga ka ga yadda wurin yake. Je ka kalli idon ruwan, inda yake fitowa daga dutse yana tururi, amma da ido kawai, yara kuma a riƙe su gam. Daga nan ake jan ruwan zuwa rumfunan wanka. Tsarin da aka san Bagby da shi shi ne indararo na katako, dogo, ruwa na gudu a cikinsa yana bi ta gefen kowane mazubi. Mazuban kuwa iri biyu ne. Akwai gungumen sida da aka fafe cikinsa kamar kwamin shayar da shanu, tsawonsa ya ishi mutum ya miƙe ƙafa. Akwai kuma manyan gangunan katako masu zagaye da ke ɗaukar mutum da yawa.

A da akwai ƙananan ɗakuna biyar masu ƙofa, kowanne da kwaminsa, kuma a cikin ɗaya daga cikinsu Kawu ya yi nasa wankan. A ƙarshen 2018 hukuma ta rufe su saboda katakon ya ruɓe. Don haka ka shirya a kan cewa a rumfar da kowa ke gani za ka yi wanka. In ka tarar da keɓaɓɓen wuri, riba ce.

In akwai layi, tambayi wane ne na ƙarshe ka jira. Idan naka ya zo, ga yadda ake yi.

Da farko zare matoshin ƙasa ka zubar da ruwan wanda ya riga ka, duk da kyan da ya yi maka a ido. Ka sa buroshi ka goge ciki, musamman kusurwoyi da layin da ruwa ke tsayawa, ka ɗauraye da ruwan zafin. Sa'annan ka mayar da matoshin ka danna shi da kyau. Tsohon katako yakan yi yoyo. In ka ga ruwa na zurara ta gefen matoshi, naɗa masa ɗan tsumma ko leda ka sake dannawa, in za ka tafi kuma ka tafi da abinka.

Sai ka buɗe ruwan zafi. Ka tsaya gefe, kada ƙafarka ta kasance a ƙarƙashin inda yake zubowa. Cikar kwami tana ɗaukar lokaci, ta kan kai minti 20 ko fiye, gwargwadon yawan masu ja a lokacin. Kada ka bari ya cika da zafi zalla, domin ba za ka sami wurin surki ba. In ya kai kamar kashi biyu cikin uku na inda kake so, tsayar da shi ka koma kan ruwan sanyi, ko ta bututu ko da bokiti, yadda ka tarar. In bokiti ne, za ka yi sawu da yawa, kuma wannan aikin matasa ne, ba na dattijon da aka kawo ba. Ranar da na kai Kawu sai da na yi sawu takwas. Yana zaune a kan benci yana cewa, "Ƙara ɗaya, ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Kowane bokiti ka zuba, ka motsa ruwan sosai da bokitin tun daga ƙasa. Wannan shi ne kuskuren da baƙi suka fi yi: ruwan sanyi yana nutsewa ƙasa, mai zafi ya taso sama, sai mutum ya taɓa wuri ɗaya ya ɗauka duka haka yake. Bayan ka motsa, gwada da gwiwar hannu kamar yadda uwa ke gwada ruwan wankan jariri, ba da tafin hannu ba, domin tafi ya saba da zafi, yana ruɗi. Abin da ake nema shi ne tsakanin digiri 38 da 40. In ba ka da ma'auni, ga alama: ka iya barin gwiwar hannunka a ciki ka ƙirga talatin ba tare da ka ji kana son janyewa ba. Gara ya ɗan yi sanyi ka ƙara zafi daga baya.

Shiga a hankali. Ƙafafu tukuna, ka zauna a baki minti ɗaya ko biyu, sa'annan zuwa ƙugu, sa'annan ƙirji. Ka tuna santsin nan ba a fatarka kaɗai yake ba, har da katakon, don haka hannu ɗaya yana riƙe da baki koyaushe.

Kana ciki

Minti 15 zuwa 20 ya isa zama ɗaya. Ka fito ka zauna a inuwa, ka sha ruwa, jiki ya huce, in kana so ka koma. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, bugun zuciya ya ƙaru, jini kuma ya sauka. Shi ya sa wanda ya miƙe zumbur daga ruwan zafi yakan ga jiri. In ka ji juwa, ko tashin zuciya, ko kai na sarawa, ko zuciya na bugawa da ƙarfi, fita nan take, a hankali, ka kira abokin tafiyarka.

Mu Hausawa muna da yarda da ruwan zafi, muna ganin yawan zafinsa shi ne yawan maganinsa. Ban yarda da wannan ba. Likitoci a Zariya sun daɗe da nuna alaƙar da ke tsakanin wankan jego mai tsananin zafi haɗe da kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego. Zafi kaya ne a kan zuciya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa kafin ya zo. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi sosai, wani ya gwada masa ruwan, don yana iya ƙonewa bai sani ba. Mai juna biyu ta haƙura da shiga, ƙananan yara kuma a surka musu nasu ya zama ɗumi kawai, su yi 'yan mintuna su fito. Mai buɗaɗɗen rauni ko ƙurji kada ya shiga, don kansa da don na bayansa. Ruwan yana sassauta gaɓoɓi, yana sauke gajiya, Kawu ya yi kwanaki yana yabon yadda gwiwarsa ta saki. Amma ba ya maye gurbin asibiti, kuma ba na sha ba ne.

Yanzu ga maganar gorar alwala. Kada ka nutsar da kanka a ruwan, kada kuma ka shaƙa shi a hanci. A ruwan ɗumi na rafuka da maɓuɓɓugai akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, mai suna Naegleria fowleri. In an sha ta ba ta yin komai, amma in ta shiga ta hanci tana iya hawa ƙwaƙwalwa, kuma kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. Kamuwa da ita abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, sai dai mu muna da abin da ya sa ya kamata mu fi kowa kula: shaƙa ruwa a alwala. A Karachi ta Pakistan an sami mace-macen da aka danganta da wannan. Ruwan da ka surka ya sauko daidai ɗumin da ƙwayar ke so. Saboda haka alwala da ruwan gorar da ka zo da shi daga gida za ka yi ta.

In lokacin salla ya same ka a can, matsa gaba kaɗan da rumfunan ka sami wuri mai tsabta a gefen turba. Alƙibla daga wannan yanki ba gabas take ba kamar a gida. Arewa ce, ka ɗan karkata dama kaɗan zuwa gabas. Da yawa daga cikinmu sun yi wannan kuskuren a farkon zuwansu.

Maganar sutura

Gara in faɗe ta a fili. Wuraren ruwan zafi na wannan yanki suna da tsohuwar al'adar wanka ba kaya, kuma ko da doka ta hana, kana iya cin karo da wanda bai damu ba. An hana giya a Bagby tun 2002, amma da yamma akan sami masu karya dokar. Sammako a tsakiyar mako yana rage wannan sosai. Namiji ya sa wando mai kaiwa gwiwa da 'yar riga, mace ta sa doguwar rigar ninkaya mai rufe jiki ko riga da wando marasa nauyi, da babban zane na canja kaya. Ba wanda zai dube ka don ka rufe jikinka. In iyali ne, mutum ɗaya ya fara shiga ya duba rumfar kafin sauran su biyo, in an ga abin da bai dace ba a ɗan jira a benci a waje. Kada a ɗauki hoton kowa, kada kuma a kunna waƙa ko karatu a lasifika. Mutane shiru suka zo nema.

In wasu suna jira, kada ka wuce awa ɗaya da mazubi.

Fitowa da komawa

In ka gama, zare matoshi, ka goge mazubin, ka ɗauraye shi, ka mayar da bokiti inda ka ɗauko. Ka tsince duk abin da ka zo da shi, har ƙwallon dabino, in ka ga shara ta wani ma ka haɗa. Kada ka kunna kyandir ko wata wuta: a 1979 kyandir ɗin da masu wanka suka bari ne ya ƙone tsohon ɗakin wankan ƙurmus, sai 'yan sa kai suka yi shekaru suna sake ginawa. Kada ka sassaƙa sunanka a katako. Da wuƙar masu yin haka da laima aka lalata da yawa daga abin da ke wurin.

Ka tsane jiki sosai, ka sa busassun kaya da rigar sanyi tun kafin ka ji sanyin, ka sha shayi, ka ci wani abu mai ɗan gishiri. Ka zauna minti goma kafin ka kama turba, domin ƙafafu sukan yi laushi bayan wanka, kuma a komawa aka fi zamewa. Ka bar wurin da sauran rana aƙalla awa biyu. A ƙarƙashin waɗannan itatuwa duhu yana riga faɗuwar rana sauka, kuma a watan Oktoba yini ya riga ya gajarta.

Barci shi ne haɗarin hanyar dawowa. Jikin da ya sha ruwan zafi so yake ya kwanta, ga kuma kwana-kwanar gefen kogi na sama da awa ɗaya kafin Estacada. Wanda zai yi tuƙi ya taƙaita zamansa a ruwa, na kusa da shi kuma ya riƙa yi masa hira. Da ka ga waya ta kama, tsaya a gefe ka sanar da na gida kun fito.

A gida ka yi wanka da ruwan famfo, ka wanke kayan da ka shiga ruwa da su dabam don warin ƙibiritu. Santsin da ka ji a can maiƙon fatarka ne ruwan ya narkar, don haka in jiki ya bushe yakan yi fari ya ja, musamman ƙafafu da gwiwar hannu. Ka shafa man kaɗe tun fata tana da ɗan laima.